Turancin da Na Koya wa Inna

Ina ɗan shekara tara Inna ta zo mana Kuala Lumpur. Mahaifiyar Baba ce, daga wani ƙauye a bayan Bichi, kuma ciwon gwiwa ne ya kawo ta. Likita ya ce wata uku, ta yi bakwai. Muna zaune a Sentul, hawa na goma sha ɗaya, gidan da ko tsakar gida babu balle a hura wuta. Inna ba ta damu ba. Da an idar da sallar magariba sai ta ja tabarmarta baranda, ta kunna maganin sauro mai hayaƙi, ta ce ai wuta wuta ce. Ni da ƙanwata Hauwa mu zauna a gabanta, jirgin ƙasa yana wucewa can ƙasa, ita kuma tana murza man zafi a gwiwa.

Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika. "Maigida, yau ma babu cefane? Wallahi zan kai ƙararka." Ni kuwa Hausata a lokacin gurguwa ce. Ta tambaye ni da Hausa, in amsa da Turanci. Sai ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni Tabawa! An ba ni miji mai karyayyen baki."

Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa yake buɗewa. Cewa take, "Ga ta nan, ta hau jirgin sama ta biyo ku har ƙasar mutane." Mu kuma mu ce, "Ta sauka mu ji ta."

Wadda ta fi maimaitawa ta wani dodo ce da ya tare mashigin kogi. Duk wanda zai tsallaka, tambaya ɗaya yake masa: "Kai na wa ne?" Makiyayi ya zo ya ce shi ɗan wane ne, jikan wance mai saƙa, dodo ya matsa masa. Mai tallan nono ta faɗi nata, ta wuce. Rannan sai ga wani saurayi ya dawo daga birni cikin babbar riga, abokansa 'yan birni suna biye da shi. Uwarsa mai sayar da daddawa tana tsaye a tsallake, ƙwarya a ka, tana ɗaga masa hannu. Dodo ya ce, "Kai na wa ne?" Saurayi ya dubi uwar, ya dubi abokai, ya ce, "Ni ba na kowa ba ne." A nan Inna take kumbura kumatu ta yi muryar dodo: "Madalla! Abin da ba na kowa ba, ai nawa ne." Ya haɗiye shi har rigar.

Kullum Hauwa sai ta tambaya, "To uwar fa?"

"Tana nan tsaye, tana jira. Ƙurungus. Ku tashi ku yi alwala."

Na ji wannan tatsuniya ya fi sau goma kafin in yi abin da na yi, don haka ba ni da uzurin rashin sani.

A makon da abin ya faru, malamar Turanci tana koya mana yadda ake nuna abu na wani ne da ƙaramar kalmar nan of. A friend of mine, wani abokina. A book of my father's, wani littafin babana. Na iya sosai, har ta manna mini tauraro a littafi. Kuma tunda likita ya ce Inna ta riƙa tattaki, ita ce take raka ni ƙasa wurin jiran motar makaranta. A wurin, yawancin yara 'yan aikin gidajensu ne suke rako su. Inna kuwa ga zani, ga tsage a kumatu, ga haƙora jajur da goro, ga murya kamar tana kiran wani daga gona. Wata safiya na manta gorar ruwana, ta biyo ni tana ɗingishi tana kwaɗa kira, "Maigida! Maigida!" Yara suka fashe da dariya. Arif, ɗan ajinmu, ya tambaye ni wace ce wannan.

Na ce, "A maid of my mother's." Wato wata 'yar aikin mamata.

Jimlar ta fito tsaf, ko malamar ba za ta sami abin gyarawa ba. Inna ta miƙo gorar ta ce, "Me ka ce masa?"

"Na ce ke kakata ce."

Fuskarta ta washe. "Haka ake faɗa da Nasaranci? Maimaita mini." Na maimaita, mota tana jira. Ta juya shi a baki sau uku har ya zauna: "Amed of mai modas." Ta daki ƙirji ta faɗa wa Arif, ta faɗa wa direba.

Sai wanda ya tashi a gidan Bahaushe zai san girman wannan ƙarya. Mama a durƙushe take gaida Inna. Ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta zama kan kujera in Inna tana tabarma. Ni kuma da bakina na mai da uwar miji 'yar aikin surukarta.

Na ɗauka za ta manta. Ina! Ta riƙe shi gam, shi ne Turancinta guda ɗaya tak a duniya. Baba yakan fita jami'a tun da safe, Mama tana shago a Bukit Bintang, a gida kuma Hausa ake yi, don haka ba su taɓa ji ba. Amma mai gadi ya ji, mai kantin ƙasa ya ji, duk wanda ya haɗu da ita a lif ya ji. Wata maƙwabciya ta fara ba ta tsofaffin kaya a leda. Wata ta miƙa mata jakar shara ta sauke mata, tunda ƙasa za ta. Inna ta karɓa, ta sauke, da gwiwar nan tata. Da yamma a baranda ta ce mana, "Mutanen garin nan akwai sakin jiki da baƙo. Sun ɗauke ni kamar 'yar gida." Na ji kamar in nutse. Kowace yamma sai in ce yau zan faɗa mata, sai ta buɗe tatsuniya, in ce gobe.

Wata Asabar Anti Rifkatu ta zo, ƙawar Mama ce 'yar Jos da take koyarwa a wata kwaleji. Mama tana kicin. Inna ta ce bari ta nuna wa baƙuwa ita ma ta waye, ta daki ƙirji ta saki Turancinta. Anti Rifkatu ta ajiye kofin shayi.

"Inna, wa ya koya miki wannan?"

"Maigidana mana. Ga shi nan."

Anti ta dube ni, kallon da har yau ina jin sa a wuyana. Inna ta lura. Ta ce, "Ko ban faɗa daidai ba ne, Maigida?"

Ga ƙofa an buɗe mini, kalma biyu kawai ake nema. Na sunkuyar da kai na ce, "Daidai ne."

Anti Rifkatu ba ta tona ni ba, Allah Ya saka mata. Ta ce, "Inna, akwai wanda ya fi wannan daɗi, bari in koya miki." Inna ta girgiza kai. "A'a 'yar nan, na gode. Wanda mijina ya ba ni shi zan riƙe."

Da shi ta koma gida bayan sati biyu. Ba mu sake haɗuwa ba, sai dai a waya, kuma a waya kullum akwai wani a kusa. Haka dai nake gaya wa kaina. Ta rasu ina shekarar farko a jami'a.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin gargaɗi ga yaro, wai ya ji tsoron dodo. Sai da na girma na ga ni babu abin da ya haɗiye ni. Na ci jarabawa, na sami aiki, yau Turancin ma nake koyarwa a nan Kuala Lumpur. Ita ce ta ɗauki shara. Wannan ne yake cina.

Bara na je ƙauye. Bayan la'asar muna zaune da Kawu Sale, ƙanen Baba, yara suka kewaye ni don ganin ɗan Maleshiya. Wata 'yar ƙarama, mai sunan Inna, ta daki ƙirji ta ce, "Amed of mai modas!" Sauran suka amsa baki ɗaya. Kawu ya yi dariya har da hawaye. Ya ce ai Inna babu jikan da ba ta koya wa ba, tana cewa maigidanta na ƙasar waje ne ya ba ta, kuma haka ake ce wa kaka a can.

Yarinyar ta ja hannun rigata. "Yaya Nura, na iya?"

Na ce, "Kin iya. Amma ba kaka yake nufi ba."

Kawu ya daina dariya. Na faɗa musu abin da yake nufi, da Hausa, da wanda ya fara faɗa, da dalili. Kawu ya ɗauki butarsa ya miƙe. Ya ce, "Tashi mu je. Kabarin ba nisa."