Kwamfutar Yayana Ta Ƙi Buɗewa

Ana share makokin yayana kwamfutarsa ta daina buɗewa. Ba mutuwa ta yi ba, da haka ne da na fi ganewa. In na kunna ta sai ta kawo wurin da ake sa lambar sirri, ga ɗan hotonsa a sama da hular nan da ta yi masa yawa. In buga lambar, allon ya yi baƙi kamar za ta shiga, sai ta dawo da ni gaban hoton. In sake, ta sake. Kuma ba kuskure nake yi ba. Ni nake tsare masa shagonsa a Bodinga duk ranar da ya tafi ɗaukar bidiyon biki, lambar nan ko ido rufe zan buga ta.

Mota ce ta buge shi a hanyar Shagari, yana kan babur zai zo gida. Mu mata ba a bari mun ga fuskarsa ba. Shi ya sa a kwanakin gaisuwa duk mai wani abu nasa a waya, hoto ko bidiyo ko saƙon murya, sai ya miƙo mini in juye a kwamfutar. Abokansa, telolin layinsu, har mai shayin da yake karyawa wurinsa. Ban zaɓa ba, duk abin da aka kawo zubawa nake.

Don Inna nake yi. Idonta ya yi rauni, babbar waya kuwa ba ta taɓa riƙewa ba. Ita ta ce a tara mata, za ta ji muryarsa in gida ya yi shiru. Gida ya yi shiru, kwamfuta ta ƙi.

Kullum da safe sai ta ce, "Ɗiyata, ta buɗe?"

"Ba ta buɗe ba, Inna."

"To."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kawu, ƙanen Inna, ya ce in ɗauko ta mu je wurin wani mai gyara a Bodinga. Mutumin ya gwada, ta dawo da shi inda take dawo da ni. Ya taɓe baki.

"Wagga ai sai wanki," in ji shi. "A wanke ta tas, a sa mata irin manhajar da kowa ka aiki da ita. Shi ko marigayi mi yak kai shi ga wagga? Ba wanda yas san kanta nan garin."

Na ce, "Abin da ke ciki fa?"

"Sai shi tahi."

Kawu ya ce, "To a wanke mana. Hotuna ai suna nan ga wayoyin mutane."

Ba su nan. Da yawa sun goge nasu tun da suka ga na juye, kuma bidiyon da shi da kansa ya ɗauka a gida babu su ko'ina sai cikinta. Na rufe kwamfutar na tura ta cikin hijabina.

"Ke, manya na magana kina kwashe kaya?"

"Kawu, ka yi haƙuri, ba a wanke ta."

Har muka sauka daga mota bai ƙara kallona ba.

Wani abokin yayana da suka yi karatu tare a Sakkwato ya kira don ya ƙara yi mana gaisuwa. Ban bar shi ya gama addu'ar ba na faɗa masa halin da kwamfutar take ciki. Ashe tare suka sa mata manhajar. A gidanmu waya ba ta kamawa sai bayan rumbun albasa, can na tsuguna da tsakar rana, kwamfuta a cinya, waya maƙale a kafaɗa, ƙudaje na bin fuskata.

Ya ce kar in sa lambar. In danne maɓallai biyu na ƙasa ta hagu, in haɗa da wani na layin sama. Hoton ya ɓace, allo ya koma baƙi da ɗan farin rubutu. Na rubuta sunan yayana, sannan na soma buga lambar sirri. Ba abin da ya fito.

"Ta mutu! Ba ta rubutu!"

"Ƙanwata, natsu. Haka take nan wurin, ba ta nunawa. Buga ki danna."

Na danna, ta karɓa. Daga nan harafi-harafi yake faɗa mini ina bugawa, in layi ya yanke in zagi wayar in sake kira. Wasu lambobi suka jeru, ya ce in karanta ta ƙarshe. Na ce ɗari bisa ɗari.

"Ta cika maƙil," ya ce. "In za ta buɗe miki sai ta ɗan rubuta wani abu, to ba ta da wurin. Shi yas sa take koro ki. Dole a rage kaya. Kina da filashi?"

Filashin yana aljihun yayana ranar da motar ta buge shi. Ba a dawo mana da shi ba.

Muka duba abin da ya fi cin wuri. Ba bukukuwan mutane ba ne, ba na gaisuwa ba. Wasannin ƙwallo ne da yake saukewa ya ajiye, waɗanda kullum nake masa faɗa a kansu, in ce babba da kai kana ihu kai kaɗai cikin shago. Na faɗa wa abokin.

"Tare mun ka kalli wasu," ya ce.

"In goge ko kar in goge? Caji ya kusa ƙarewa."

"Goge. Amma karanta min abin da kika rubuta tukuna, nan wurin ba ta tambaya sau biyu."

Ya faɗa mini umarnin gogewar na rubuta, na karanta masa, na danna. Ba ƙara, ba komai. Wani layi kawai ya fito a ƙasa yana jira.

Na kashe ta na kunna, na sa lambar. Allo ya yi baƙi, na dafe kai. Sai ga ta ta buɗe. Ko godiya ban tsaya yi ba, na bar wayar nan ƙasa na shiga gida.

Inna na kan tabarma tana tsince gero. Da na faɗa mata sai ta ture faifan, ta goge hannu a zane, ta gyara kallabi. Na zaɓi bidiyon da yayana ya ɗauka da ƙaramar salla, yana shigowa gida da kyamara a hannu. Ana ganin zauren, ana jin takunsa. Sai muryarsa: "Salamu alaikum. Inna, kina ciki?"

"Wa alaikumus salam," in ji Inna a kusa da ni. "Shigo."

A cikin bidiyon ma ta amsa, da muryar da ta fi wannan ƙarfi, tana dariya tana cewa ya kawar da abin nan daga fuskarta. Inna ta laluba ta kama wuyan hannuna.

"Kashe."

"Inna, yanzu aka fara. Akwai su da yawa."

"Na ce ki kashe."

Na kashe. Ta jawo faifan ta ci gaba da tsintar gero, ba ta ma kallon abin da take tsincewa. Tun ranar ba ta sake tambayata ba. Kwamfutar tana cikin akwatina, tana buɗewa lafiya lau.