Tsallen da Mahmuda Bai Yi Ba

A Dogon Dutsi, in ka ce Mahmuda sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Dogo ga-ruwa, ko baƙon jiya ya san wanda kake nufi. Shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana saɓa garwa biyu a sanda daga rijiya zuwa gidajen ma'aikata, kuma babu ƙofar da bai sunkuya mata ba a garin. Mutum ne marar yawan magana. Masu tsokana kan ce masa dogo da hankali dace ne, shi kuwa sai ya yi murmushi, ya juye ruwansa a randa ya wuce.

Ba ɗan gari ba ne. A ruga aka haife shi, wajen Kore Mairuwa, cikin makiyayan da ke Fulatanci a gida, Hausa a kasuwa. Ya auri Ajuma, ɗiyar wani dattijo Ja'afaru, da cikinta ya tsufa aka kai ta gidan iyayenta haihuwar fari, inda bisa al'ada za ta zauna har ta yaye. Tana can ciwon bushiya ya shiga garken Mahmuda. Shanu goma sha ɗaya ne, cikin sati uku ba a bar masa ko maraƙi ba. Ja'afaru bai yi faɗa ba, bai kuma ce a raba aure ba. Aike ya yi ta bakin ƙanensa, don suruki ba ya gaya wa suruki magana ido da ido: ranar da Mahmuda ya sami aikin riƙe iyali da ɗakin sa su, za a kawo masa matarsa da ɗiyarsa Habsatu. Mahmuda ya shigo gari ya kama jan ruwa, yana kwana a zauren wani mahauci. A wurin tsohon, wannan ba aiki ba ne, kuma zaure ba ɗaki ba ne.

Shekara uku bayan samun mulkin kai, lokacin Mahmuda bai daɗe da shigowa gari ba, aka turo wa lakwal, makarantar bokon garin, wani malami, Mushe Alphonse, ɗan garin ne Kirista da ya yi karatu a Yamai ya komo da ciwon ƙwallon kwando. Ya sa aka share fili bayan lakwal, aka kafa ginshiƙai biyu da allo, maƙeri ya lanƙwasa masa zoben ƙarfe. Da kansa ya hau tsani ya auna, mita uku da santimita biyar daga ƙasa, ba ƙari ba ragi. Wata rana ƙwallon ya maƙale a reshen bedi, ana ta jifa da tsakuwa, sai ga Mahmuda da garwayensa. Ko ajiye su bai yi ba, ya miƙa hannu ya ciro ya ba su. Mushe Alphonse ya bi shi da kallo irin wanda mahauci kan yi wa bijimin da ba nasa ba.

Washegari ya tsayar da shi jikin bangon aji, ya shafa masa alli a yatsa, ya ce ya miƙa hannu ya taɓa iyakar inda zai kai. Ya taɓa. Mita biyu da sittin da biyar, ƙafa a ƙasa. Aka kira Iliya, kafintan mishan, wanda ya fi kowa iya wasan, gajere kamar turmi. Shi mita biyu da ashirin ya kai.

"To, yanzu ku yi tsalle," in ji Mushe.

Iliya ya ɗan duƙa, ya tashi kamar an harba shi, ya bar alli kusan kamu biyu bisa alamarsa ta fari. Mahmuda ya tattara dogayen ƙafafunsa ya yi nasa. Taƙi ɗaya ya tashi, ya dira da nauyi, ya waiga ko wani babba ya gan shi. Aka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Mushe bai yi dariya ba. Ya zana musu abin a ƙasa da tsinke. Wanda zai dasa ƙwallo cikin zobe daga bisa, taɓa ƙarfen bai ishe shi ba, sai hannunsa ya wuce shi da taƙi guda, wato wajen mita uku da ashirin. Iliya na da tsalle amma Allah bai ba shi tsawo ba, duk tashinsa farcensa kaɗai ke goge ƙarfen, kuma babu bokan da ke ƙara wa ɗan shekara ashirin da biyar ƙashi. Mahmuda na da tsawo ba tsalle, kamu ɗaya da ƴan yatsu kawai yake bukata, shi kuwa tsalle ana koyonsa.

Iliya ya ce, "Mushe, a yanke ƙahwahuna a ɗinka mai, kowa ya huta."

Ba son wasa ya sa Mahmuda ya yarda ba. A ganinsa, magidanta goma su yi ta bin fata ɗaya da gudu aikin banza ne. Abin da ya ja shi maganar da Mushe ya yi ce: a Doso ana haɗa ƙungiyar jiha, ana neman dogo, kuma wanda aka ɗauka za a ba shi gadin gidan samari, da albashi da ɗaki ciki da falo. Da ya ji ɗaki, sai ya tambayi yaushe za a fara.

Wata bakwai suka yi. Kowace la'asar, bayan ya cika randunan mutane, Iliya kan kai shi cikin rairayin fadama ya sa shi tsalle har cinyoyinsa su kama rawa, ranar Lahadi kuma su hau dutse da gudu. Wahalar ba a jijiya take ba, a kai take. Mutumin da aka rena tun yana bin maruƙa a kan cewa namiji ba ya gaggawa, ba ya ɗaga murya, ba ya ci a gaban mutane, shi ake cewa ya sa gajeren wando ya yi ta daka tsalle a bainar jama'a. Sati biyu aka yi ana fama da shi kafin ya tuɓe riga. Alamar alli dai ta yi ta hawa bango, yatsa biyu wannan wata, uku wancan. Da kaka ya taɓa zoben. Ana cikin sanyi, wata Talata, Iliya ya cilla masa ƙwallo, ya taka biyu ya tashi, hannunsa ya leƙa bisa ƙarfen ya dasa shi ciki har allon ya girgiza. Iliya ya yi ta ihu kamar shi ya yi, sannan ya koma gefe ya zauna, don ya san shi ba zai taɓa yi ba.

Daga nan labari ya tashi. Masu kai nono kasuwa suka kai shi rugage, kuma labari in ya yi tafiya ƙafa yake ƙarawa. Kafin ya isa Kore Mairuwa, Mahmuda ya zama mai tashi sama ya tsaya ya duba gari sannan ya sauko. Wasu suka ce da iska a abin.

Baƙon Doso, wanda zai zaɓi ƴan wasan jiha, ya sa ranar zuwansa, Juma'a, ranar kasuwa, bayan la'asar. Ya zo da mota da hula da littafi, aka ba shi kujera a inuwar bedi. Ƴan kasuwa suka kewaye fili sahu uku, masu jakuna, masu goro, mata da ƙwarya a ka. Mahmuda ya fito cikin gajeren wando shuɗi da singileti. Safiyar nan sau shida ya gwada, shida suka shiga.

Ana shirin busa usur ya hangi malafa a sahun gaba, daidai bayan ginshiƙin da zai jefa wa ƙwallo. Ƙarƙashin malafar farar gemu ce, da sanda a gicciye bisa gwiwa. Ja'afaru ne.

Wanda bai tashi cikin makiyaya ba zai ce to mene ne. Mahmuda bai taɓa kiran sunan mutumin nan ba. Bai taɓa cin abinci inda yake ba, bai taɓa tsayuwa a kansa ba. In ya hango shi a hanya tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa, ido a ƙasa, har ya wuce. Yau ga shi tsaye a gabansa, cinya waje, hammata waje, kuma ana jiran ya ɗaga ƙafafu biyu sama da kan tsohon. Kunya ta rufe shi.

Aka fara wasa. Abin tausayi ne da ban dariya a ga mutum mai kusan mita biyu yana neman ɓuya a bayan gajeru. Ya ranƙwafa, ya haɗe gwiwoyi, hannu ɗaya na jan bakin wando ƙasa. Iliya ya ratsa mutum uku ya miƙa masa ƙwallo ƙarƙashin zobe, ba kowa kusa da shi. Mahmuda ya tsaya, ƙafa a ƙasa, ya tura shi sama a hankali kamar mai miƙa wa babba ƙwarya. Ya bugi ƙarfe ya dawo.

"Tashi!" in ji Mushe Alphonse daga gefe. "Mahmuda, mi ya same ka? Tashi mana!"

Iliya ya bi inda idon Mahmuda ke gudu, ya ga malafar, ya gane. Ya matso ya ce masa ƙasa-ƙasa, "Sau guda, Dogo. Rufe ido ka yi sau guda. Don ɗiyakka hwa kaka yi."

Mahmuda ya san haka. Ya san ɗakin nan na Doso a cikin tsallen yake, da Ajuma, da yarinyar da sau biyu kacal ya gani. Da ƙwallo ya sake zuwa ya taka ɗaya, ya taka biyu, ya duƙa, jama'a suka ja numfashi. Sai idonsa ya faɗa kan sandar da ke gwiwar tsohon, gwiwoyinsa suka ƙi miƙewa. Wani ɗan tsurut ya fizge ƙwallon daga hannunsa ya gudu da shi. Sau biyar aka ba shi a ranar, diddigensa bai rabu da ƙasa ba ko sau ɗaya.

Baƙon Doso bai jira ƙarshe ba. Ya rufe littafinsa ya ce wa Mushe gajeru masu gudu yana da su har sun yi yawa, dogon da ba ya tashi kuwa turke ne, kuma turke ba ya bukatar albashi. Ya shiga mota ya tafi.

Jama'a suka watse suna ƙorafi an ɓata musu ciniki. Mahmuda ya zura rigarsa da sauri, ya koma bayan ginshiƙi ya durƙusa, don tsohon bai tashi ba tukuna. Ja'afaru ya dogara sanda ya miƙe. Bai dubi inda surukinsa yake ba, Mushe Alphonse ya nufa ya yi masa sallama.

"Malam, kai na mai wasan ga?"

"Ni ne, Baba."

"An ce min yaron wajenmu na tashi bisa, har za a ba shi aiki Doso da ɗaki. Kwana biyu muna tahiya. Na bar shanu ga ƙanena, na ce ban mutuwa ban gani ba da idona." Ya dubi zoben. "Ko yau ba ranar tashin ba ta?"

Tsohon bai jira amsa ba, ya sake tambaya.

"Aikin hwa?"

"Babu, Baba. Mai aikin ya tahi."

Tsohon ya kaɗa kai kamar an gaya masa farashin gishiri. "To. Allah shi kyauta," in ji shi, ya juya.

Mahmuda na durƙushe taku biyar daga wurin, ya ji komai. Bai iya cewa a dakata ba, bai iya cewa a ba shi ƙwallon yanzu ba. Ba a yi wa suruki magana haka. Ya bari sai da tsohon ya yi nisa, sannan ya tashi ya bi bayansa daga nesa, kamar yadda ya dace, har bakin kasuwar shanu.

Can ƙarƙashin wani gawo takarkari ne a ɗaure, an ɗora masa kayan ɗaki: ƙore a cikin raga, tabarmi, sandunan gado, tukunya. Ajuma na zaune gefe da sabon zane, an yi mata kitso, yarinyar na tsaye tana riƙe da gwiwarta. Ashe tsohon da su ya zo, a shirye, don ya miƙa su a yau. Ya yi mata magana biyu, ta ɗaga kai ta hangi Mahmuda, ta sunkuyar, don ubanta na tsaye. Ta ɗauki yarinyar ta goya. Ja'afaru ya kwance igiya, ya juya kan takarkarin zuwa hanyar da suka fito.