Ranar da Goggo ta zo duba Malam Buhu

"Sannu da jiki, bawan Allah," in ji Goggo Laraba, ta ajiye kwanon kunu a gefen gadona.



A shekarun saba'in ne, ina koyon aikin jinya, muna zaune a Hayin Banki. Ba ni da wanda zan gwada allura a kansa, sai na cika buhu da auduga, na lulluɓe shi a kan gadona, na ce wa Goggo ina da majinyaci.

Ta harare ni. "Wane marar kunya ne wannan, ko gaisuwa ba ya amsawa?"

Na caka masa allura. Bai motsa ba.

Ta dafe ƙirji. "Ke! Kin kashe ɗan mutane?"

Kunun marigayin dai ni na shanye. Ku a kan wa kuka koyi aikinku?