Rumbun Isufu mai hoto

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina, Isufu mai hoto, wanda mutanen Tanut suka sani da ɗan shagonsa na bakin tasha. Ban iya dogon rubutu ba. Rana ɗaya zan tuna, don ita ce ke sa ni murmushi kafin hawaye su zo.

Ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta, ta cika da hotunan jama'a, na aure da na suna, da makiyayan Tenhya da suka zo cin kasuwa. Kafin sabon hoto ya shiga sai an share tsoho, shi kuwa ba ya iya share fuskar mutum. Sai ya aika Damagaram aka sayo masa diski na biyu, ma'ajiya kamar tafin hannu. Ya kwance murfin na'urar, ya ɗaura, ya haɗa wayoyi. Na'ura ta ga baƙon, amma ta ƙi zuba masa kaya sai an yi masa formate, wato a share shi tas a shirya shi.

Nan haɗarin yake. Allo ya jera ma'ajiyoyin, girma kawai ya bambanta su, in ya share ta hotuna shi ke nan. Na kawo fura na tarar yana gumi. Ya sa na karanta girman da ke jikin kwalin yana duba allo, ya sa na maimaita. Na ce ko a ɗaurin aurenmu ba a nemi shaida haka ba.

"Maman Hadiza, makiyayi ba ya yanka sai ya duba shaidar kunne," in ji shi. Ya yi bisimilla, ya danna. Hotuna suna nan lafiya.

Da na'ura ta nemi sunan diskin, ya ce baƙo ba ya zama babu suna. Ya sayo goro, ya kira tela da mai shayi, ya raɗa masa Rumbu. Mai shayi ya dage sai an nuna masa ragon suna. Don gwaji Isufu ya miƙo mini kyamara na ɗauke shi, wannan hoton ne ya fara shiga Rumbu.

Yau kowa da wayarsa yake ɗaukar hoto. Da yana nan zai yi murna, amma na san zai tambaya ina ake ajiyewa in waya ta faɗa rijiya. Tsohon diskin ya mutu bara. Rumbu yana nan, ƴarmu Hadiza ke riƙe da shagon. Har daga Belbeji ake zuwa neman fuskar uba ko kaka, a samu. Ajiya maganin wata rana.

Shi da ya ɗauki kowa, hotonsa da nake da shi wannan ne kaɗai: a karkace, rabin hular ba ta fito ba, goro a baki, yana yi mini dariya don na riƙe kyamarar kamar ludayi. Allah ya haskaka kabarinsa.