Baƙo a Gaban Taguwa

Ranar Alhamis a karar Maigatari, Baba Ilu dillali yana zaune kan buhun dusa, idonsa na kan wani baƙo. Dogo ne, furfura ta fara taɓa gemunsa, takalminsa bai saba da kashin raƙumi ba. Tun hantsi yake zagawa, bai taya ko akuya ba.

Direban da ya kawo shi daga Gumel ya ce Injiniya Abdulmuttalib ne. Wai shi ya ƙirƙiro wata manhaja da ke sa kwamfutocin garuruwa daban-daban su raba aiki ɗaya tsakaninsu, ko layi ya yanke ba sa rikicewa. Ya yi mata rajista, ba mai taɓa ta sai da izininsa. Yanzu wani kamfani ke son sayenta ɗungurungum, yau suke jiran amsa.

Ga shi tsaye gaban wata taguwa, yana shafa tsohuwar shaidar wuta da ke wuyanta.

"Baba, in an sayar da ita, ana goge wannan?"

"Ina fa, Alhaji. Ko hannu nawa ta zaga, shaidar tana nan. Sai dai akala, ita kam ta mai saye ce."

Baƙon ya daɗe yana duban akalar.

Baba Ilu ya gyara zama, kamar da taguwar yake magana. "Wani kuma ba ya sayarwa. Kiwo yake bayarwa. Masu kiwon su sha nono, dabba tasa."

 Baƙon ya sauke hannunsa a hankali, sannan ya tambayi inda waya ta fi kamawa a kasuwar.