Ranar da na jefi 'yar gada

Shekarar da aka cika makarantun firamare da yara kyauta, ina koyarwa a Daudawa, na sayi sabon babur, kuma ina jin babu wanda ya kai ni a garin. Wata Asabar da hantsi, a hanyar Mairuwa, na tarar da tifa mai ɗaukar tsakuwa ta tsaya, leburori sun yi da'ira. Gada motar ta buge, har sun yanka ta. A cikin ciyawa kuma ga 'yarta, ba ta fi 'yar akuyar sati biyu ba, ƙafar gaba ɗaya na lilo.

"Malam, miƙo ta a yanka kahin ta yi mushe," in ji direban.

Ba mugunta ba ce. A wurinmu, dabba in ta ji ciwo, taimakon da aka sani shi ne wuƙa. Amma ni mutum ne mai taurin kai, kuma na riga na ji bugun zuciyarta a tafina. Na naɗe ta a babbar rigata na hau babur, suna yi mini dariya.

Malamin dabbobi na fara nema. Mutumin kirki ne, ya wanke mata ciwon, sannan ya faɗa mini gaskiya: allurar shanu ya sani, ɗori ba aikinsa ba ne. Ya kwatanta mini wata tsohuwa a wata ruga ta wajen Kankara, wadda ke ɗora ƙafar awaki.

Na same ta tana tankaɗe. Ta dubi gadar, ta dube ni.

"Naman daji ka kawo mani, ɗan nan?"

"Inna, ba nama ba ce. Rai gare ta."

"To, mun ji, malamin boko. Riƙe mani kanta."

Ta fere kara huɗu, ta ja ƙafar har na ji ƙas, ta ɗaure da tsumma. Ta kamo wata akuya mai shayarwa, ta shafe gadar da nononta don ta karɓe ta. Akuyar ta yi tunkuri, ta yi harbi, kwana uku sai an riƙe ta. Daga baya ta haƙura.

Kowace Asabar ina can. Ina kai wa gadar ganyen wake, ina shafa ta, har ta gane ƙarar babur ɗina, tana ɗingisowa ta tare ni. Daɗi kamar ya kashe ni. Na cika abokan aiki da labarinta har suka fara gudu na. Inna kuwa kullum sai ta harare ni ta ce in rage hannu, ni ko ina ganin kishi ne kawai irin na tsofaffi.

Da damina ta zauna, ƙafa ta warke sarai. Muka kai ta bakin wani kurmi mai nisa da gonaki, muka kwance igiya. Ta yi taku biyar, ta dawo tana shinshinar gwiwata. Na yi dariya. Inna ba ta yi ba.

"Ka gani ko? Wagga in ta hangi maharbi, gaishe shi za ta tahi yi. Kai ka ɓata ta, kai za ka gyara."

Ta ɗauko hoge, ta danƙa mini.

"Inna, ke ki jefa mana."

"Ni ba ta yarda da ni ba. Jifana ba ya koya mata komi."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san gaskiya ta faɗa. Na yi jifan farko a gefe da gangan. Gadar ta dubi inda ya faɗi, ta matso kusa da ni. Inna ta miƙo mini wani.

Na biyun ya same ta a haƙarƙari. Ta zabura, ta tsaya can nesa tana kallona, kunnuwa a miƙe. Na daka mata tsawa da muryar da ban taɓa yi wa ko ɗalibi ba, na bi ta da gudu ina jifa, hawaye na zubo mini. Ta shige kurmi da ƙafafunta huɗu, babu ko ɗingishi, kuma ba ta waiwayo ba.