Ranar da Inna Ta Tuƙa Bincikena

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai, jami'armu da ke Zariya ta fara ba 'yan ƙasa damar yin digirin dakta a fannin kimiyya, ni ma na samu shiga. Baturen da ke duba aikina ya ɗora ni a kan ƙwarin da ke cin dawa a rumbu. Aikina shi ne in kiwata su a cikin kwalabe, in ga wace irin dawa suka fi so, wace kuma suke gudu.

Da hutu ya zo ban yarda in bar su a Zariya ba. Na jera kwalabe goma sha biyu a kwali, na rungume su a bayan akori-kura har garinmu Likoro. A gida na ajiye su a ɗakina, na ce wa Inna, mahaifiyata, kayan karatu ne. Ban yi mata ƙarin bayani ba, don na san ba za ta ji daɗi ba.

Kwana uku bayan haka na tafi Kudan gaida kawuna. Na dawo da la'asar da yunwa, Inna ta kawo mini tuwon dawa da miyar kuka, na cinye har na nemi ƙari. Ina wanke hannu sai na hango kwalabena a kife kan tabarma, an wanke su tas, suna ƙyalli.

Na ce, "Inna, ina abin da ke cikin waɗannan?"

Ta ce, "Dawar? Ai duk ta yi ƙwari, ɗan nan. Na shanya ta, na sheƙe, kaji suka tsince ƙwarin. Ita ce ka ci yanzu."

Na zauna a kan turmi. Na ce mata wata bakwai na yi ina kiwon ƙwarin nan, kuma su ne karatun.

Sai ta leƙa zaure ta kira Baba. "Malam, zo ka ji. Wai ƙwari yake kiwo."

Baba ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaya ko Baturen na da cikakkiyar lafiya. Na ce lafiyarsa ƙalau. Ya ce to, kowane ilimi da ƙofarsa, ya koma wajen ɗalibansa, amma na ga kafaɗunsa na rawa don dariya.

Washegari da Inna ta ga na kasa cin abincin safe, sai ta yafa mayafi ta zaga gidajen ƙawayenta, ta dawo da ƙwarya cike da ruɓaɓɓiyar dawa, ƙwari na yawo a kai. Da su na sake farawa, digirin ya ƙara mini kusan shekara.

Lokacin da za a je nema mini aure a Makarfi, ta ja kawuna gefe, ta ce idan an tambayi sana'ata a ce malamin makaranta ne, kada a ƙara komai.